Zuhura da Jinin Baba Ciɗo

Zuhura ta gidan Malam Tanimu, bayan kasuwar dabbobi ta Tawa, tun tana goye anka san ba ta sakin abin da ta riƙa. Yayenta sai da anka kira maƙwabta taimako. Jarrabawar makarantar aikin lafiya ta kayar da ita sau biyu, a na uku jarrabawar ce ta gaji ta ce mata wuce. Taubasanta Kaska suke kiranta, tana kuwa amsawa.

Yanzu tana aiki a labo, ɗakin awon jini na wani asibiti a cikin gari. In ka ga aikin sai ka ce wasan 'yan tsana ne. A kawo mata jini kwalba biyu, ta sa a wani mashin mai juyawa kamar mai iskoki, jinin ya rabu: ja a ƙasa, ruwa mai kalar man gyaɗa a sama. Ruwan saman take so. Ta ce a cikinsa akwai ɓurɓushin abin da 'yan boko ke kira ADN, rubutun gadon jikin mutum, wanda ke zuba a jini in ƙwayoyin jiki sun mutu. Ciwon daji ma yana zubar da nasa. Sai ta zuƙe ruwan da ɗan bututu tana riƙe da numfashi, ta sake juya shi, ta kama ɓurɓushin da maganaɗisu, ta wanke, ta ƙara wankewa. Abin da ke saura a gindin kwalba bai kai hawayen sauro ba. Shi ake aikawa Yamai a karanta.

Sai dai jini ba ya jira. In ya daɗe a hanya, fararen ƙwayoyinsa su fashe, su zubar da nasu rubutun, ya binne ɗan abin da ake nema, kamar a juye buhun gero a kan ƙwayar riɗi guda.

Baba Ciɗo mutumin wani ƙauye ne gaba da Takanamat, noma kaɗan, tumaki da raƙuma da yawa. Bara anka cire masa ƙari a hanta. Likitansa na Yamai ya sa shi cikin wani bincike, yana so ya san ko ciwon ya bar saura. In babu, tsoho ya bi dabbobinsa arewa da faɗuwar damina. In akwai, ya koma magani tun abin bai yi ƙarfi ba. Shi kuwa ya rantse ba ya sake hawa mota don a tsotse shi. Sai anka shirya malamin asibitin ƙauyen ya ɗebi jinin, Idrisa mai kabu-kabu ya kawo Tawa.

Idrisa taubashin Zuhura ne. Wajen gudu, tsuntsu ma sai ya roƙe shi ya jira. Cutarsa ɗaya, gaisuwa: jaki ma yana gaishe shi in ya san mai shi. Ranan nan kuwa an yi rasuwa a Takanamat, gidan yana bakin hanya, mamacin ƙanen kakar Zuhura ne. Idrisa ya jingine moto, babur ɗin nasa, a rana da jinin ɗaure a baya, ya hau tabarma. Anka yi fatiha, zai tashi wasu sunka iso, ba a tashi a tsakiyar addu'a. Anka kawo fura, ba a ƙin furar gidan mutuwa. Sai da rana ta karkata ya shigo labo yana murmushi.

Zuhura ta juya jinin, ruwan ya fito ja kamar zoɓo. Ta yi masa duk dabarar da ta sani, awo ya nuna ba abin da za a iya karantawa.

"Haba Kaska," in ji Idrisa, "mutum ya mutu, in wuce kamar kare? Jini yana cikin kwalba a rufe, ina za shi tahi?"

Ba ta tsaya masa bayani ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, makiyaya suna ɗaure kaya. Ta ce masa ya cika moto da mai, jibi da asuba tare za su.

Haka anka yi. Ta rungume akwatin ƙanƙara, ta hau bayansa, duwatsun ƙasar Adar sunka yi ta wasa da ƙashin bayanta. Sun iske Baba Ciɗo a bakin rijiya, raƙuma sun sha ruwan tafiya. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya ce jininsa ba rijiyar gari ba ce da kowa zai zo da guga. Zuhura ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe shi har da lafiyar tumaki. Sannan ta samu inuwar aduwa ta zauna, ta ce ita ba ta da gaggawa, ko Azawak za shi, can makiyayar arewa, tana biye.

"Baba, na farko mu munka ɓata shi, ba kai ba. Ka ba ni na biyu, ka jira amsa. In na ɓata wanga, kada ka sake amsa gaisuwata."

"Ɗiyar nan, wa ya haife ki ne?"

Matarsa Balkisu, wadda ta yi jinyarsa bara, ita ta raba gardamar. Ta ce raƙuma sun san hanyar arewa ba sai da shi ba, ita kuwa ba ta da wani tsohon a ajiye. Tsohon ya miƙa hannu yana kallon wani wuri. Zuhura ta ɗebi jinin, ta naɗe kwalaben da tsumma don kada su taɓa ƙanƙara, sunka juyo.

Ashe ranar ce ta sadakar mamacin. Takanamat ta cika ta batse, tabarmi har bakin hanya. Zuhura kuwa tun rasuwar aiki bai bar ta ta zo gaisuwa ba. Gwaggo Hawa, ɗiyar mamacin, tana ƙofar gida, ta hango ta, ta ɗaga hannu tana kiran sunanta. Moto ya fara rage gudu da kansa, don ƙafar Idrisa ta san aikinta. Zuhura ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Ta san in ta sauka, hannu goma za su riƙe ta, kowane da haƙƙinsa. Ta damƙi naman haƙarƙarin Idrisa, ta murɗa.

"Ka taka birki, a nan za a yi sadaka ta biyu."

Ya wuce. Amma da yake cuta ba ta warkewa rana ɗaya, ya waiwaya ya kwarara "Allah shi jiƙan rai!" da ƙarfin da har yau ana cewa mutanen garin Tebaram, duk da nisansa, sun amsa da amin.

A labo ruwan ya fito garau. Ta yi aikinta a natse, ɗigon ya samu, anka aika.

Washegari ta koma Takanamat da goro da sukari. Gwaggo Hawa ta tambayi matan da ke wurin ko masu farar riga sun samu sarari yau. Zuhura ta durƙusa ta sha faɗa, ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba. Har yanzu in sun haɗu a biki, Gwaggo da gefen baki take amsa mata.

Amsa ta zo bayan shuka ta fito. Akwai sauran ciwon, kaɗan, irin wanda likita ya ce gara a tare shi yanzu. Baba Ciɗo ya damƙa dabbobi a hannun ƙanensa Rissa, ya zo tashar Tawa yana zagin hanyar Yamai tun bai hau ta ba. Zuhura ta sama masa kujera nesa da ƙofa, ta zaunar da Balkisu ta gefen fita don kada ya sulale, ta tsaya a rana har motar ta ɗau titi.