Ammi Dahman da Ƙotar da Ta Sha Iskar Teku

Ammi Dahman (mu nan baffa muke ce wa “Ammi”), maƙerin bindigogin garinmu, ba ya buɗe shago sai ya fara leƙa gonar dabino. Da an idar da sallar asuba zai saɓa fartanya ya gangara, ya duba ko rabonsa na ruwa ya iso, ya toshe nan ya buɗe can, sannan ya hauro yana jan ƙafar hagu da ta daɗe tana yi masa gardama. Shagon ɗaki ne guda na jar ƙasa a bayan masallacin ƙauyenmu, ɗan nesa kaɗan da garin Timimun, can cikin hamada. Zai share ƙofa, ya ɗora butar shayi a gawayi, ya jera magagarai bisa tsumma daga babba zuwa ƙarami. Sai bayan nan zai ɗauko bindigar farko, kuma kafin ya kwance komai nata sai ya shinshina bakinta. Ya ce hanci ne ke fara gaya masa ko mai ita malalaci ne.

Shekara hamsin da biyu ke nan yana haka. Bana ya ce idanu sun fara yi masa rowa, zai ajiye aiki idan an gama saran dabino. Shi ya sa na ga gara a faɗi abin da za a faɗa yana ji da kunnensa.

Kwana bakwai bayan Mauludi, idan maza arba'in suka yi da'ira a fili suna rawar albarushi, ganga na tashi, jagora ya ɗaga kafaɗa, bindiga arba'in suka tashi a ƙasa da murya ɗaya, mata mukan yi guɗa mu yabi makaɗi, mu yabi jagora. Ba mai tambayar wanda ya sa tsofaffin ƙarafan nan, waɗansu sun girmi kakanninmu, suke tashi ba su tafi da yatsan kowa ba. A ƙauyukan da ke kewaye na san dattawan da ke jan carbi da yatsa huɗu. A namu babu ko ɗaya. Mutane na cewa albarkar waliyyin garin ce. Ban musa wa waliyyi albarkarsa ba, amma ƙauyukan can ma suna da nasu waliyyan. Abin da ba su da shi Ammi Dahman ne.

Akwai wani attajiri da ya taɓa kawo masa bindiga mai adon azurfa, yana son a gyara ta kafin biki. Ammi Dahman ya juya ta sau biyu, ya cire kunamarta ya sa a aljihu, ya ce a kai ta a rataye a bango, nan ne kaɗai ba za ta cuci kowa ba. Attajiri ya kai ƙara wurin liman. Da liman ya zo, sai maƙerin ya toshe ƙasan bututun ya tsiyaya kananzir a ciki, suka zauna suna shan shayi. Kafin kofi na biyu, ga kananzir yana tsatsowa ta wani tsagi da ido ba ya gani. Liman ya shanye shayinsa ya yi sallama. Kunamar tana nan a shagon har yau.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bara a gidan Lalla Mabruka.

A ƙauyenmu, idan mai gurbi a da'irar rawa ya rasu, akan kwance bindigarsa, a raba ƙarfe da ƙota, wato itacen da ƙarfen ke kwanciya a ciki, a ajiye har shekara ta zagayo. Sannan magajinsa ya haɗa ta a tsakar gida da hannunsa, ba mai taɓa masa. In ta haɗu, gurbin uban ya zama nasa. In ta ƙi, sai a ce bindiga ta ƙi shi, gurbi ya koma wani gida na dangi, kuma ba a taɓa jin ya dawo ba. Mijin Lalla Mabruka ya riƙe gurbi na uku daga jagora shekara talatin kafin ya rasu. Ɗansu guda ne namiji, Tayyib, mai gyaran injin jiragen ruwa a Wahran, birnin bakin teku. Ya iso gida saura kwana tara biki, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko ƙarfe ya ɗora a kwarin ƙota, sai ƙarfe ya tsaya a rabi. Ya danna, ya juya, ya sake dannawa. Ko motsi.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Baffansa Si Hammu, wanda gurbin zai faɗa gidansa, ya zo jaje da fara'ar da ta fi ƙarfin jaje. Ya tsuguna ya dubi ƙarfe ya dubi ƙota, ya ce, "Ɗan ɗan'uwana, injin jirgi aka ce kana gyarawa ko? To Allah ya kiyaye masu hawa." Dattawan da suka biyo shi suka yi ta girgiza kai. Wani ya ce bindiga ta san ƙamshin mai ita, ba ta yarda da wanda ya bar gida shekara goma sha biyu. Wani ya ce fushi take yi don Tayyib bai riski jana'iza ba. Wannan maganar ce ta shige shi, don gaskiya ce bai riska ba. Si Hammu kuwa ya ba da shawara cewa ƙarfe mai taurin kai ba ya jin magana sai ta guduma.

Da guduma a hannun Tayyib Ammi Dahman ya same shi. Lalla Mabruka ce ta aika a kira shi. Ya yi sallama, ya zauna nesa da tabarmar, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinya don kada wani ya ce ya taɓa.

"Ajiye wannan, ɗana," ya ce. "Ubanka bai taɓa dukanta ba."

Tayyib ya ce to bari ya ɗan rage itacen da magagari, ai abu kaɗan ne ya hana. Ammi Dahman ya daɗe yana kallon ƙotar daga inda yake zaune, sannan ya tambaya a ina ta yi shekarar nan. Lalla Mabruka ce ta amsa daga bakin madafi: da Tayyib ya zo ta'aziyya ya roƙe ta wani abu na ubansa da zai riƙa gani. Hukuma ba ta barin a yi tafiya da ƙarfen bindiga, sai ta ba shi ƙotar. Shekara guda tana rataye a ɗakinsa na Wahran, taga na kallon teku, ƙarfen kuwa yana nan cikin akwatinta.

Ammi Dahman ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe ba kai kaɗai ka yi ƙiba a Wahran ba." Ya bayyana musu cewa itacen da aka sassaƙa a ƙasar da ba ta san ruwan sama ba, in ya je bakin teku sai ya sha laima ya kumbura. In aka rage shi yau, nan da wata biyu zai bushe ya koma yadda yake, ƙarfe ya riƙa rawa a ciki, kuma bindigar da ke rawa da kanta, wata rana da idon mai ita za ta tafi. In kuma aka doke shi, zai tsage a inda ba a gani. Ni, da nake malamar makaranta, na koya wa Tayyib wannan darasin na itace da laima a aji, ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ya bar ilimin a kan takardar.

Magani, in ji maƙerin, a binne ƙotar a busasshen rairayi, a inuwa ba a rana ba, don rana za ta fasa ta. Sai jira. Si Hammu ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, wa ya taɓa jin an yi wa bindiga jinya? Dattawa suka tafi da maganarsu ta fushi, don ta fi daɗin faɗa.

Nan ne, Ammi Dahman, ka yi abin da na fi jinjina maka a kai. Ba ka yi musu da kowa ba. Ka san magana ba ta kashe magana a garin nan. Kowace safiya, bayan gona, kakan zo ka zauna a wurinka, hannu a ƙarƙashin cinya, ka sa Tayyib ya tono ƙotar, ya shafa wa ƙarfen kunkunniyar fitila, ya ɗora a hankali ya ɗaga. Duk inda itace ya matse, baƙi zai kama. Ran farko tabon ya kai tsawon tafin hannu. Ka sa ya auna da zaren kaba ya ƙulla, ya rataye a ƙofar gida inda masu wucewa masallaci za su gani. Kashegari aka rataye wani zaren kusa da shi, ya fi guntu. Rana ta huɗu dattawa da kansu ke tsayawa suna gwada zare da zare. Wanda ya fara kawo zancen fushi ya ce, to, in fushi ne, lallai tana hucewa.

Sai a rana ta shida zare ya daina raguwa. Tabo ya tsaya kamar faɗin babban yatsa, ya kwana biyu a haka. Saura kwana ɗaya. Si Hammu ya riga ya kai farar rigar babban ɗansa wanki. Tayyib ya daina cin abinci, uwarsa ta dafa kuskus ya huce a akushi. Da hantsi ya sake jawo magagari, ya ce ko ta lalace daga baya, shi dai ya tsaya a gurbin ubansa sau ɗaya.

Ammi Dahman ya ce ya kawo ƙotar kusa da fuskarsa, kada ya sake ta. Ya sunkuya ya kalli kwarin ta gefen haske, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Me ka shafa mata a can?"

Tayyib ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ga ta dushe ne, sai ya samo man da ake shafa wa katakon jirgi don ya yi sheƙi, ya shafe ta sau uku, ciki da waje. Ya so in ya dawo da ita uwarsa ta ga ya kula da ita.

"Ka kula da ita," in ji maƙerin. "Har ka sa mata riga uku a inda ubanka ya bar ta tsirara. Lalla, a taimaka mana da kofin shayin da ya fashe."

Da gutsuren kofin Tayyib ya riƙa kankare man, a inda baƙi ya nuna kawai, a hankali, ba ya taɓa naman itacen. Ya kankare, ya shafa kunkunniya, ya gwada, ya ɗaga. Sau goma sha ɗaya aka yi, Ammi Dahman na cewa "nan", "ya isa", "ɗan ƙara", tsakar gida cike da mutane ba mai tari. A na goma sha biyu ƙarfe ya sauka da nauyin kansa, ya kwanta a kwarinsa ba tare da an danna ba. Lalla Mabruka ta rangaɗa guɗar da aka ji har gonaki. Si Hammu ya matso ya girgiza bindigar da ƙarfinsa, ya ji ba inda ke motsi, ya miƙa wa Tayyib ya ce, "Gobe ka bi kafaɗar jagora da ido. In ka makara da harbi, ni zan fara yi maka dariya."

Bai makara ba. Ina cikin matan da ke kan soro ranar. Tayyib ya tsaya na uku daga jagora, da'ira ta juya, waƙa ta hau, kafaɗa ta ɗaga, bindiga arba'in suka tashi kamar ɗaya, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya rufe su. Da ya washe, ga shi tsaye a gurbin ubansa yana kuka, baffansa na dukan bayansa yana cewa ya bari mata na kallo.

Kai kuwa, Ammi Dahman, kana can jikin katangar masallaci, ba wanda ya waiwaye ka. Kai ne ka riƙe wa gidan Lalla Mabruka gurbinsu ba tare da ka ɗora yatsa a kan bindigar ba. Kai ne mai tambayar "a ina ta kwana" a lokacin da kowa ke da amsa a baki. Maƙerin da bai fara da guduma ba, mun gode. Matan da mazansu ke dawowa daga fili da yatsu goma sun gode, ko da ba su san kai za su gode wa ba. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka ci dabinon gonarka shekaru masu yawa.

Ku kuma masu ƙarfin ido, shagon yana buɗe har ƙarshen saran dabino. Ba a biyan komai, shayi ma shi ke dafawa. Ku je ku zauna ku ga yadda ake sauraron abu kafin a hukunta shi. Tayyib ya riga ku: ya ɗauki hutun wata uku daga Wahran, yana can kowace safiya, kuma har yanzu ba a ba shi izinin taɓa magagari ba.