Kukun da bai iya pate ba

Shekara talatin da biyu na yi ina dafa wa Fada, limamin cocinmu, abinci a gidan mishan. Bature ne, mutumin ƙasar Ayalan. Daga aji huɗu ya ɗauko ni ya sa ni a kicin, ya koya mini abincin garinsu: naman tunkiya da dankalin Turawa da albasa, a bar su kan wuta har su yi lugub, ba barkono, ba daddawa. Dankali a murje da kabeji da bota. Burodin da ake kwaɓawa da nono mai tsami, ba yis. Ranar Kirsimeti kuma wani baƙin kek da nake turarawa awa shida, ya zuba masa barasa ya ƙyasta ashana. Ranar Lahadi baƙar giyarsa, a karkata kofi, a jira kumfa ya kwanta.

Na iya duk wannan. Shi kaɗai na iya.

Da aka yi rikicin Kafanchan gidana na cikin gari ya ƙone, Fada ya ba ni ɗakuna biyu a bayan kicin, ni da matata da yara biyar. Bayan shekara uku ciwon ƙafa ya mai da shi gida. Aka kawo sabon Fada, ɗan garin Fadan Kaje, wanda na girma nesa ba kusa ba.

Kwana uku yana tura farantina gefe. A na huɗu ya kira ni.

"Baba kuku, asibiti aka kwantar da ni? Wannan abincin marasa lafiya ne. Gobe paten acca nake so, da yakuwa da gauta."

"To, Fada."

Ban taɓa yin pate ba. Sha nake, mata ke yi. Washegari na wanke acca sau ɗaya, yadda nake wanke shinkafar kanti, na jefa bota don ya yi daɗi. Cokali na farko tsakuwa ta yi ƙara a bakinsa. Ya ajiye cokalin.

"Wata ya kusa ƙarewa. In abin ya fi ƙarfinka, akwai wata mata a Zangon Kataf da ke neman aiki. Za ta buƙaci ɗakunan."

Ina zan kai mutum bakwai? Na zaga garin nan kaf ina neman aiki. Gidajen reluwe babu Bature ko ɗaya. Matar Ibo mai gidan abinci kusa da tasha ta tambaye ni ko na iya miyar agushi. Wani Alhaji mai shayi ya ɗanɗana burodina ya ce, "Malam, wannan a gini za a sa shi?"

Na dawo na durƙusa wa matata, abin da ban taɓa yi ba.

"Uwar yara, ki dafa a ɗaki, in ɗauka in kai."

"Kai da ka ce girkina hayaƙi ne da barkono?"

"Na faɗa. Ki dafa."

Ta rege accar sau biyar a ƙwarya, tana yi tana ƙunƙuni. Na juye a kwanon tangaran na Bature, na sa farar rigata na kai. Ya sha kwano biyu, ya share zufa, ya dube ni.

"Hannun da ya sa bota a pate bai yi wannan ba. Kira mini ita."

Ta zo tana goge hannu a zane. A gabana ya ce in ba ta makullin kicin. Ɗakunan suna nan, amma da sunanta. Ni kuma in ga dama in riƙa share harabar coci da ba fulawa ruwa.

Na ciro makullin daga wuyana na ba ta. Ta buɗe kabad, ta ɗauko gwangwanin da nake turara kek ɗin Kirsimeti, ta juya shi ta ce zai yi kyau da ajiye daddawa. Na je na tambayi katikis, mai taimaka wa Fada a coci, inda ake ajiye tsintsiya.