Yatsun Yaya Sale a kan idona

Matso kusa, mai karatu, ka ji. Watan nan Yaya Sale ya cika shekara bakwai da rasuwa, ni kuwa har yau da kaina nake zura zare a allura.

Yayana ne ciki ɗaya, dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa. Ni ba na zuwa ko'ina. Ɗinkin hula nake a gida nan Daura, da shi na riƙe marayuna. Wata damina idona na hagu ya yi ja, ina ganin bakan gizo kewaye da fitila. Maƙwabta suka ce apolo ne, aka yi ta ɗiga mini ruwan sukari.

Da Yaya ya shigo gaishe mu, sai ya ce in rufe ido. Ya ɗora yatsu biyu ya latsa na dama, ya latsa na hagu, yadda yake latsa dabba.

"Auta, wancan da taushi, wannan kuwa kamar goruba. Da saniya ce ke, da na bar wa mai ita."

"To ka bar ni mana."

"Ɗauko mayafinki."

A asibiti likita ta auna, ta ce ƙwayar cutar ƙarambau ce da na yi tun ina yarinya. Ashe ba ta fita daga jiki, kwanciya take. Ita ce ta farka ta kumbura cikin idon, ta toshe 'yar kafar da ruwan ido ke fita, yadda ganye ke toshe indararo. Ruwan ya taru yana danne jijiyar gani, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa.

Da jan ya washe, na ajiye maganin ɗigawar da likita ta ba ni. Ai kuwa duk Juma'a sai Yaya ya zo ya ɗaga kwalbar a hasken rana. "Ke, maganin nan azumi yake?" Kunya ta sa na ci gaba.

Yanzu 'yata ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce masana suna ta binciken ƙananan sinadaran da ke toshe wannan kafa. Allah ya taimake su. Da Yaya yana raye, na san zai saurara, sannan ya ce a dai riƙa taɓa mara lafiya kafin a raɗa wa ciwonsa suna.

Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar garke ba. Amma duk hular da na gama, da idon da ya ceto mini nake duba ta. Allah ya haskaka kabarinsa.

Kai fa, wa ya taɓa tasa ka gaba zuwa asibiti kana gunaguni, kuma ka samu ka gode masa tun yana ji?