Layin da aka shafa wa ruwan ɗorawa

Jama'a, yau na haƙa rami, kuma ni na fara auna zurfinsa.

Kun tuna dogon rubutun nan na amfanin goro da na turo jiya? Wallahi kansa kawai na karanta. Na tura wa 'yata Rabi, mai aikin asibiti, don ta daina min wa'azin hawan jini.

Da safe ta maido min da shi ta waya. Na taɓa. Shafin ya buɗe, ya gangara ƙasa da kansa, ya tsaya cak a kan layi ɗaya da aka shafa wa ruwan ɗorawa. Wai mai hawan jini ya yi nesa da goro.

Na ce a'a, yarinyar nan shiga ta yi ta ƙara!

Na garzaya shagon Malam Iro tela, bakin kasuwar Tudun Wada. Na tura masa wanda Rabi ta maido, muka buɗe a tsohuwar wayarsa. Shafin ya buɗe daga sama, babu fenti. Na ce, "Ka gani? Tawa kaɗai aka ɗana wa tarko."

Na kira Rabi. Ta ce, "Baba, layin na danne, na kwafo adireshin da ke kai mutum kan layin kai tsaye, ya kuma haska shi. Wayar Baba Iro ce ta tsufa, ba ta gane irin wannan."

Na ce ban yarda ba.

Iro ya sa tabarau, ya yi ta jan shafin ƙasa har ya iso layin. Yana nan daram, baƙi ƙirin. Ya zare goron da ke aljihuna, ya gatsa.

Ya ce, "Malam Sule, fentin dai nata ne. Rubutun kuwa kai ka turo."