Ranar da Mai Kwafi Ya Kayar da Kansa

Tun yana saurayi yake da ɗan shagonsa a bakin ƙofar jami'a: injin kwafi ɗaya mai yawan tari, da fanka da ba ta juyawa sai an zungure ta da biro. Kowa Mai Kwafi yake ce masa. Malaman sashen falsafa wurinsa suke kawo takardunsu, shi kuma duk shafin da inji ya ɓata ba ya zubarwa. A kwali yake zubawa, ya kai gida ya karanta. Da haka ya yi karatunsa kaf. Sai dai injin ya fi cin ƙasan shafi, saboda haka bawan Allah ya san yadda kowace muhawara take farawa, amma bai taɓa ganin inda ko ɗaya ta ƙare ba. Abin bai dame shi ba, a ganinsa haka falsafa take.

Daga cikin kwalayen nan ya tsinto dimokuraɗiyya, ya kai ta gida. Tashar da za a kalla a talabijin, ƙuri'a. Wanda zai wanke banɗaki, ƙuri'a. Falonsu har yau rabi shuɗi ne rabi ruwan ƙwai, don ranar zaɓen fenti kunnen doki aka yi. Masu zaɓe huɗu ne: matarsa, babban ɗansu direba, 'yarsu ma'aikaciyar jinya, da ƙanensa da ya zo kwana biyu ya shekara. Shi kansa ba ya ɗaga hannu. Ya taɓa karanta wani shafi da ya ce aikin masani shi ne ya haska wa jama'a hanya, kada ya... sai inji ya cinye sauran. Shi ya ƙarasa da kansa: kada ya jefa ƙuri'a.

Ana nan kwalaye suka cika ɗakin baya har rufi, ɓeraye suka yi iyali a ciki. Wata Asabar da hantsi matar ta tara kowa a falo.

"Malam, ina da ƙudiri," in ji ta. "A kwashe takardun nan, in sa keken ɗinkina. Na gaji da ɗinki a baranda rana tana gasa min ƙeya."

Mai Kwafi ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin baya. Ba shi da digiri, ba shi da hoto da hular kammala karatu. Kwalayen nan su ne jami'arsa, kuma yana son su har cikin ransa.

'Yarsa da ƙanensa suka ce a bar su. Matar ta ce, "To, masu son a kwashe?" Hannunta ya tashi, na direba ya bi. Biyu da biyu.

"Baba, ka sa baki mana," 'yar ta raɗa masa. "Yau ɗaya dai."

Nan fa malanta ta motsa. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga yatsa sama don ya yi musu bayani dalla-dalla a kan dalilin da ya sa masani ba ya shiga zaɓe.

"Uku!" direba ya yi ihu. "Wallahi uku! Mama, kin gani, hannun Baba a sama yake!"

Mai Kwafi ya ɗaga kai ya dubi yatsansa. A sama yake, babu ko tantama, kuma ba a rufe ƙirga ba. Ƙanen ya fara kumfar baki a sake zaɓe, amma shi ya girgiza kai.

"Jama'a ta yi magana," ya ce. "Har da ni a ciki."

Shi ya fara ɗaukar kwali. Yana fita da shi yana share ido, wai ƙura ce. Matar ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da ta yi furfura, sai tausayi ya kama ta. Ta ja wani kwali gefe, wanda ɓera bai taɓa ba.

"Malam, riƙe wannan ɗaya. Ba wanda zai sani."

Ya zaro ido. "Haba! Maguɗi kike so in yi? A gidana? Ni?"

Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya leƙa ko yaran suna kusa. Sannan ya dawo ya rage murya.

"Tura shi ƙarƙashin gado. Can ƙurya, wajen bango."