Shekarar da Bakina Ya Bushe

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma shekarar da bakina ya bushe ba za ta taɓa fita ba.

Lokacin ni ne mawaƙin gayya a garinmu, kusa da Maijirgi. In samari suka taru noman gonar wani, ni ke bin su da waƙa, taubashina yana kaɗa ganga yana yi mini amshi. Shekara ashirin muna haka. Sai wata damina abin ya ɗauke. In na buɗe baki, tsofaffin waƙoƙi kawai ke fitowa, har samari suka fara ƙarasa mini su suna dariya. Salla ma haka: goshi a ƙasa, zuciya a kasuwa.

Da yake ni mai wayo ne, nan da nan na gano dalili: asiri aka yi mini. Wa kuma zai yi, in ba wanda ya fi kusa da ni ba? Ranar kasuwar Tasawa, a gaban jama'a, na ce taubashina ya ɗaure mini harshe don ya gaje ni. Ya yi dariya, yana zaton wasan taubasai ne. Da ya dubi fuskata, sai ya sauke gangar, ya ajiye a gabana, ya tafi. Na bar waƙa, na bar nafila, na ce sai ranar da na ji daɗinsu zan koma. Ku ji fa, har sharaɗi na kafa wa Ubangiji.

Gab da damina ina gona ina binne, wato shuka hatsi cikin busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba, sai ga taubashin nawa a amalanken jaki. Ya tsayar da jakin, ya ce:

"Bawana, hadari ka hango?"

Na ce babu.

"To wa ya ce maka za a yi ruwa?"

Na ce ai ba jira ake yi ba, zubawa ake yi a bar wa Allah.

"Ashe ka sani. Hatsi ka yarda ka zuba a busasshiyar ƙasa, salla da waƙa ne sai ka ga hadari." Ya kaɗa jakinsa.

Na san gaskiya ya faɗa. Na koma nafila ba daɗi, na koma rera shirme a gona ba mai ji. Bayan damina biyu waƙar ta dawo da kanta, ba laya, ba rubutu. Amma haƙurin da ya kamata in je in ba shi, shi ma na ce sai zuciyata ta yi laushi tukuna. Ina nan ina jiran wannan hadarin aka aiko daga Atantane, inda ya koma, cewa an yi jana'izarsa.

Gangar tana rataye a ɗakina, fatarta ta tsage. Abin da na koya shi ne, duk abin da ya wajaba, salla ce, waƙa ce ko neman gafara, a zuba shi tun ƙasa na bushe. Ni binne biyu na yi, na ukun ne na bari.