Bashira, Iya Saroja Ta Ƙi Karya Azumi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 23 ga Janairu, 2025, daidai da 23 ga Rajab, Allah Ya karɓi ran Malama Bashira Yahuza Azare a wani asibiti da ke nan Kuala Lumpur, bayan jinyar ciwon ƙoda da ba ta kai wata biyu ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ƙasar nan karatun digiri na uku a kan ciwon suga, saura ƙiris ta kammala. Ta bar mijinta, Malam Abdulbaƙi, da 'ya'ya biyu, Halimatu da Abdallah. Washegari aka yi mata sutura, nesa da gida.

Bashira, Murja ce, ƙawarki da kike cewa bakinta ya riga hankalinta tashi daga barci. Na so in zauna in yabe ki cikin natsuwa, kamar yadda ya kamace ki. Na kasa. Kin bar mana tsohuwa tana neman ta bi ki, kuma duk cikinmu ba wanda take jin maganarsa.

Ga waɗanda ba su san Iya Saroja ba, maƙwabciyar marigayiya ce a Brickfields, unguwar Indiyawa, ƙofarsu na kallon juna. 'Yar Tamil ce, mabiyar addinin Hindu, ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki a Singafo, ga ciwon suga ya daɗe a jikinta. Lokacin da mu ɗaliban Najeriya duk muka tattara a unguwar Bukit Jalil, ke kika zaɓi unguwar Indiyawa don tana kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba irin tsiyar da ban yi miki ba. Na ce nan da shekara za mu gan ki da sari, kina kaɗa kai in za ki ce to.

Sanadin haɗuwarku ma abin dariya ne. Cikin Disamba ne, watan da suke kira Margali, wanda matansu kan tashi tun asuba su yi zane da garin shinkafa a bakin ƙofa. Malam Abdulbaƙi ya fito masallaci da sauri, ya taka zanen tsohuwa ya wuce bai sani ba. Da gari ya waye kika ɗauki masa da zafinta kika je ba da haƙuri. Ta ƙi karɓa, ta ce azumi take yi. Da wata ce, da ta juyo da kwanonta cikin fushi. Ke hannunta kika kalla, kika ga yana rawa, gumi na tsattsafo mata a goshi. Kika koma ɗaki kika ɗauko abin gwajin suga.

Daga ranar kika zama mai tsaron azumin da ba naki ba. Kika koyi cewa da wata suke lissafi kamar mu, tana kame baki sau biyu kowane wata, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu azumi da bukukuwa sukan taho mata a jere. Takan ce a ƙasar kakanninta lokacin sanyi ne, lokacin ibada. Ke kuma ki leƙa taga ki ce nan dai ruwan sama kawai kike gani. Kika bi matan unguwa da tambaya har kika gano cewa addininsu ya yarje wa mara lafiya madara da ayaba. Ita ta san da haka sarai, taurin kai ne irin na tsofaffi. In awo ya nuna suga ya faɗi, sai ki zauna a tabarmarta, ki ce ba za ki tashi ba sai ta sha, ga yara can ba su ci abinci ba, alhakinsu a wuyanta. Ta yi ta faɗa da yarenta, sannan ta ɗauki kofin.

Ba ki taɓa yi mata gardamar addini ba, ba ki kuma taɓa sassauta naki ba. Da bikinsu na girbi, Pongal, ya zo, ta kawo muku shinkafa da madara, kika tambaye ta kai tsaye ko an ajiye ta gaban abin bautarsu. Ni ina wurin, kunya ta kama ni. Ita kuwa ba ta ji haushi ba. Ta ɗauke kwanonta, kuma tun daga shekarar take ɗora muku tukunya daban. Da azuminmu ya zo, ita ce mai ƙwanƙwasa muku ƙofa da sahur, wai Musulmin gidan nan barci ya yi musu yawa.

Haka kike da kowa. Matan ɗalibai nawa kika kwana da su a ɗakin haihuwa, iyayensu na can Najeriya suna jiran waya? Ni kaina, da zazzaɓin sauro mai karya ƙashi ya kwantar da ni, ke kika yi ta safa da marwa da kunun gyaɗa, kina ce mini ko ciwo bai iya rufe mini baki ba.

Da ciwo ya kayar da ke a ƙarshen Disamba, Iya Saroja ta yi alwashi a kanki. Ta ɗauki azumin makonni bakwai, ci sau ɗaya a rana ɗan kaɗan, kwana a ƙasa, tafiya ba takalmi. Ranar babban bikinsu na Taipusam, in wata ya cika, za ta ɗora tulun madara a ka, ta hau dogon matakalan nan na Kogon Batu, inda wurin bautarsu yake, don ki tashi. Da labari ya zo miki a gadon asibiti, kika sa aka kawo ta. Kika riƙe hannunta, kina haɗawa da Malayanci, kika ce, "Iya, kin san Allah ɗaya nake roƙo, ba na neman kowa bayanSa. In dai sona kike yi, makan. Ki ci abinci." Ta shafa kanki, amma ba ta fasa ba.

Mun ɗauka rasuwarki za ta warware abin. Ranar addu'ar uku ta shigo da fararen kaya, ta zauna bakin ƙofa kusa da takalma. Ana cikin addu'a ta sulale. Da ƙyar muka ɗura mata ruwan sukari. Da ta farfaɗo, tsoro ya sa na rufe ta da faɗa. Na ce wadda take yi dominta ta tafi, an binne ta, me ya rage kuma? Ta kalle ni, ta amsa cikin Turancinta mai gauraye da Malayanci.

"Kowace safiya in na ji yunwa, sai in tuna don Bashira ne. Ranar da na ci na ƙoshi, ranar ce za ta mutu a wurina. Ban shirya ba tukuna."

Bashira, daga nan na daina yi mata faɗa. Alwashinta ba abin da zan ce amin a kansa ba ne, ke ma ba ki ce ba. Amma abin da ke ƙarƙashinsa na gane shi, domin ni ma har yau ban goge lambarki a wayata ba.

Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki hawan nan ba. Ɗanta ya yi ta roƙo ta waya har ya gaji. Saura mako biyu bikin. Jiya Malam Abdulbaƙi ya miƙo mini abin gwajinki. Ni lissafi na zo karantawa, ban taɓa soka wa mutum allura ba. Yau da safe na je yi mata awo. Ta miƙo yatsa, ta ce ba haka ke Bashira kike riƙewa ba, ta gyara mini. Madarar dai rabin kofi ta sha. Ranar bikin ba zan hau ba, ba wurina ba ne. Zan tsaya a ƙasa cikin cunkoso da dabino a jaka, in jira.

Allah Ya jiƙan ki, Bashira, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya haskaka kabarinki a wannan ƙasa ta baƙunta, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Abdulbaƙi, da Halimatu da Abdallah, da mahaifiyarki Hajiya Ɗelu da dukan dangi a Azare, da 'yan'uwa ɗalibai na nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da kika bari.

Ita kuwa Iya Saroja, ban san da waɗanne kalmomi ake yi mata ta'aziyya ba. Ina roƙon Allah Ya shirye ta, Ya sanyaya mata zuciya, Ya sauko mana da ita da ƙafafunta. Ba za mu iya rasa ku biyu a wata ɗaya ba.